Wutar Ramin Bakanike

Kafin a binne bakanike, 'yan layin sun riga sun gama shari'a. Sun kama mai laifi, sun yanke masa hukunci, har sun fasa masa baki, abin da ya rage kawai hukuma ta sa hannu. Haka mutane suke, in mutuwa ta zo da ƙara ba sa iya zama da ita sai sun sami wanda za su ɗora wa.

Abin da ya faru bai fi ƙiftawar ido ba. Wajen ƙarfe bakwai na safiyar Talata tsohon ya buɗe garejinsa, ya sauka ramin da yake shiga ƙarƙashin mota, sai aka ji wata ƙara da ta zubar da gilasan tagogi har shago na biyar. Motar da ke kan ramin ta ɗaga ta dawo a karkace. An fito da shi da rai, amma bai ga azahar ba. Da yamma sai ga jarkar fetur a lungun bayan shagon mai walda, wanda ke kallon garejin daga tsallaken layi, ga kuma sawun takalminsa ya je ya dawo a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu kuma wanda bai ji shi ba, mako guda kafin nan, yana tsaye a tsakiyar layi yana rantsuwa sai ya ƙona garejin da mai garejin, saboda matattun motocin da ake jibge masa a ƙofa. Baki shi ke yanka wuya. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi daga hannun jama'a.

Washegari da safe Sufeto ya aika a kira masa Mai Sawu.

* * *

Mai Sawu dattijo ne ɗan siriri, mara yawan magana, mai tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Tun yana yaro ya koyi karatun ƙasa a wajen mahaifinsa, suna bin dabbobin da aka sace. Daga baya ya yi shekara ashirin da biyu yana bin bututun mai a ƙafa, yana neman inda ya tsiyaye da inda aka fasa. Jarida da ƙyar yake haɗa baƙinta, amma in ka taka ƙasa zai gaya maka ko kaya ka ɗauko ko damuwa. 'Yan layin sun san shi sarai, domin ƙaninsa, Auta, shi ke da shagon gas ɗin girki a can saman gangaren layin, kuma shi Mai Sawun ne ya tsaya masa har aka ba shi shagon.

"Baba, ni dai jikina bai ba ni ba," in ji Sufeto, yana ɗaga igiyar da ya tare lungun da ita. "Mutum ya kashe mutum, sannan ya ajiye jarka a bayan shagonsa kamar mai yi wa 'yan sanda kyauta? Amma ranar Juma'a zan miƙa shi kotu da laifin kisa, ba ni da yadda zan yi. In ƙasa tana da magana, ta yi ta kafin nan."

Mai Sawu ya tsuguna. Ya bi sawun da ido a hankali.

"Takalmin nasa ne, ga facin ƙarfe a dunduniya," ya ce. "Amma zo ka ga wannan." Ya nuna wani ɓallin ƙonanniyar takarda da ya nutse a cikin sawun. "Wannan daga sama ya sauko, bayan wuta ta tashi. Takalmi ya taka shi. To wa ya riga wani zuwa, wutar ko sawun?"

"Wutar."

"Ashe jarkar nan ba ta ƙona kowa ba. Kawo ta aka yi bayan an gama."

Sufeto ya shiga rubutu, shi ya sa bai ga yadda fuskar dattijon ta canza ba. Takalmin na dogon mutum ne, amma takun gajere ne. Ƙafar hagu kuma tana buɗewa waje, gefenta yana ɗan sharar ƙasa kafin ta tashi. Mutum ɗaya Mai Sawu ya sani mai irin wannan tafiya, domin shi ya goya shi a baya ya kai shi wajen mai ɗori ranar da ya faɗo daga katanga yana ɗan shekara bakwai, wata biyu bayan rasuwar iyayensu.

Ya gaya wa kansa cewa a gari mai girman wannan ba Auta kaɗai ya taɓa karya idon sawu ba.

"Akwai wani abu kuma, Baba?"

"Ban gama bi ba," ya ce, ya miƙe yana dafa gwiwa.

* * *

Mai walda yana zaune a ƙasan ɗakin tsaro, leɓensa a kumbure, hannayensa biyu naɗe da bandeji. Ƙato ne, amma ranar ya yi ƙanƙanta.

"Na faɗa, Baba, ba zan musa ba. Bakina ya faɗa. Amma wallahi shekara goma sha ɗaya ke nan muna wannan faɗan ni da shi. Da safe mu zagi juna, da yamma ya zo aron guduma. Ni in ban ji muryarsa ba aikin ma ba ya yi min daɗi."

"Me ya sami hannunka?"

"Ni na shiga ramin na ɗauko shi. Kowa na tsaye yana salati, ba wanda ya sauka. Ni na rungume shi har asibiti."

"Da wane takalmi?"

"Silifa. Na aikin a bakin ƙofa na bar shi, ban ma kai ga sawa ba."

"Da ka sauka, yaya ka ga wutar?"

Mai walda ya dubi hannayensa. Mutum ne da ya san wuta kamar yadda manomi ya san ruwa.

"Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Ba ta zauna ba. Ta buga ta wuce. Tsummokara ne kawai ke ci, sai rigarsa." Ya sunkuyar da kai. "Baba, an ce 'ya'yana ba sa iya leƙa waje, ana ce musu 'ya'yan mai kisa. Babbar 'yata jarrabawa take rubutawa makon nan. Don Allah in ka ga wani abu, ka faɗa."

Mai Sawu ya ce Allah ya bayyana gaskiya, ya fita da sauri, domin addu'ar ta yi masa nauyi a baki.

* * *

Shaguna bakwai ne a jere a kan gangaren. Tela a can ƙarshen sama, Auta na biye da shi, garejin kuma a can ƙasa, inda duk ruwan da ya sauka a jerin shagunan yake zuwa ya kwanta. Auta ya hango yayansa tun daga nesa, ya fito da kujera yana goge ta da gefen riga. Mai Sawu bai kalli fuskarsa ba, ƙafarsa ya kalla, ya kuma yi da-na-sanin kallon.

"Yaya, ka zo layinmu ba ka fara biyowa ta nan ba? Ko ruwa ba ka sha ba."

"Ina kake da abin ya faru?"

"Nan, ina buɗe shago. Na ɗauka taya ce ta fashe." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Auta mutum ne mai barkwanci, wanda in ya fara ba'a har tela sai ya ajiye almakashi. Ranar sai gyara tukwanen gas ɗin da ke a gyare yake yi. "Ni fa Yaya, in ba mai walda ba ne, da an duba matar nan mai kyandir. Kullum tana narka kaki a jikin bangon gareji."

Kunya ce a faɗa, amma Mai Sawu ya ji daɗin maganar. Ya kama ta hannu bibbiyu, ya gangara shagon mai kyandir yana fatan ya sami wani abu.

Matar tana zaune tana yanka lagwani, ba ta ko tashi ba.

"Kaki? Haba Baba, da girmanka. Kaki ai sai ka lallashe shi da lagwani kafin ya yarda ya ci wuta, ya fi mijina nawa. Je ka taɓa gangar kakin, tun Litinin ban hura mata wuta ba. Ranar Talata ina asibitin haihuwa, 'yata ce ta sauka. Wanda ya aiko ka wajena ka koma ka tambaye shi me ya gani."

Gangar a daskare take, murhun ya yi sanyi har gizo-gizo ya fara saƙa. Ya wuce garejin, ya leƙa ƙarƙashin motar da sauran fata guda: ko tankinta ne ya tsiyaye. A-kori-kura ce mai shan dizal, tankin kuma lafiya lau, ko ɗigo babu. Ya sauka ramin ya shafa bango. Tsohon baƙin mai ne kawai na shekaru, babu sabon baƙin hayaƙi.

* * *

Babbar 'yar marigayin malamar kimiyya ce a sakandare. Ta fito daga cikin masu zaman makoki ta same shi a baranda, idanunta jajur. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa a gajarce.

"Baba, in ka zo nema wa mai walda sassauci ne, ka yi haƙuri ka koma."

"Tambaya ɗaya ce, 'yata. Ya bar asibitin kafin mahaifinki ya cika?"

"Bai bari ba. Yana tsaye yana kuka har aka rufe masa ido. Na ɗauka kukan munafunci ne."

"To a wannan lokacin aka sa takalminsa aka kai jarkar."

Ta nemi kujera ta zauna. Ya gaya mata abin da ya gani: kakin da bai narke ba, dizal ɗin da bai zube ba, bangon da bai yi baƙi ba, da wutar da ta buga ta wuce. Ya ce shi ƙasa ya iya karantawa, wuta kuwa sai masu ilimi. Ta goge ido da gefen mayafi. Da ta fara magana, sai muryar aji ta dawo mata ba ta sani ba.

"Fetur da dizal da kakin kyandir da gas ɗin girki duk 'yan gida ɗaya ne, Baba. A aji alkan muke ce musu. Sarƙa ce ta kabon, haidirojin ya kewaye ta, bambancinsu tsawon sarƙar ne kawai. Mai gajera iska ne, mai matsakaiciya ruwa-ruwa, mai doguwa daskararre. Malalata ne na ƙarshe. Ko asid ka zuba musu ba sa kula ka, da ruwa ma ba sa haɗuwa. Abin da ke tayar da su iska ce da tartsatsi. Dizal sarƙarsa doguwa ce, in ka jefa masa ashana a kwano mutuwa za ta yi. Fetur kuwa in jarka guda aka zuba, tururinsa zai iya bugawa, amma ragowar zai zauna yana ci da jan harshe da baƙin hayaƙi, don iskar ba ta isarsa. Da bangon ya yi baƙi ƙirin."

"In bai yi ba fa?"

"To abin da ya ci a ramin nan ya riga ya gauraya da iska tun kafin a kunna shi. Irin wannan shuɗiyar wuta yake yi, ya ƙone tas, ba ya barin komai sai tururi da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi." Ta dube shi. "Gas ne."

"Gas ai sama yake yi, kamar hayaƙi," in ji Mai Sawu. Ya faɗe ta kamar mai roƙo.

"Wanda ke fita daga ruɓaɓɓen juji, mai kabon ɗaya, shi ke tashi sama. Na tukunya, furofan da butan, sun fi iska nauyi. Kwanciya suke yi a ƙasa, su gangara kamar ruwa, su nemi rami su zauna."

"Amma yana da wari. Da ya ji."

"Shi kansa ba shi da wari, zuba masa ake yi don mutane su ankara. Babana kuma shekara shida ke nan hancinsa ya mutu, ko girki ya ƙone a gabansa sai an gaya masa." Ta sake goge ido. "Ga fitilar nan tasa da yake maƙala wa batir. Kullum sai ta yi tartsatsi. Na yi faɗa har na gaji, sai ya ce ta girme ni."

A cikin gida wata sabuwar zuwa ta ɗora kuka.

"Babu tukunyar gas a garejinsa," ta ce a hankali. "Baba, ka san daga ina ya zo?"

"Ban gama bi ba."

* * *

Mutum ɗaya ne babu wanda ya tambaya, tsohuwar da ke share bayan shagunan. Ya same ta bayan la'asar tana ɗaure tsintsiya.

"An ce kunnena ya yi nauyi, sai aka manta idona garau yake," ta ce. "Ina can wajen bayan tela. Ƙarar a ƙirji na ji ta. Sai na ga wata shuɗiyar wuta ta fito daga gareji ta bi kwata, ta hauro sama a guje kamar maciji, ta mutu kafin ta iso ni. Na faɗa wa ciyaman ɗin layinmu, ya ce tsufa ne."

Kwatar siminti ce da ta bi bayan shagunan duka, a bushe. A can ƙasa gefenta ya fashe daidai bangon gareji, inda wata kafa ta zarce cikin ramin. Daga nan ya fara, yana haurawa. Ledojin da ke ciki sun ƙanƙance sun murɗe. Kyankyasai a kwance rigingine. Tsinken tsintsiya ya babbake a baki. Ya wuce bayan mai kyandir, ya wuce mai faci, ya wuce mai sayar da fenti da maƙwabcinsa, sawun bai yanke ba. Bai taɓa bin sawun da ba ƙafa ba, bai kuma taɓa bin wanda ya fi shi fitowa sarai ba. A bayan shago na biyu daga sama, na Auta, ya ƙare. Taku ɗaya gaba, ledojin bayan tela suna nan lafiya, iska tana kaɗa su.

A bakin kwatar ciyawa ta kwanta a zagaye, ta yi laushi ta yi baƙi-baƙi kamar dafaffen ganye. A tsakiyarta zobe uku a ƙasa, ƙanana, irin na wuyan tukunyar gas in an kifa ta. Kewaye da su sawun silifa ne, ƙafar hagu tana buɗewa waje. A nan babu takalmin aro.

Ya zauna a kan wani bulo. Babu kowa a lungun, tsohuwar ta tafi. Duka shaidar ba ta fi faɗin tabarma ba, kuma shara ɗaya da gefen ƙafa ta ishe ta. Zai iya wanke mai walda da ƙonanniyar takardar nan ta lungu kaɗai, ya ce sauran ƙasa ba ta faɗa ba. Amma ya san 'yan layin, ya san kotu. In ba a sami wani ba, za a ce mai walda ya sa yaronsa ne ko abokinsa, kuma ko an sake shi sunan ba zai sake shi ba. Ya tuna yadda ya yi wa yaron nan wanka, ya kai shi makaranta, ya nema masa aure. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka aka ce, shi ma ya sha faɗa wa wasu. Ya miƙe, ya ɗaga ƙafar dama a kan zoben farko. Ya daɗe a haka har cinyarsa ta fara rawa.

Ya sauke ta a gefe. Ya nemo wani fasasshen baho da guntun kwano, ya rufe wurin don kada akuya ta taka, ya ɗora dutse. Ya yi kuka a wurin, irin kukan dattijai da ba ya fitar da sauti.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi Sufeto ya tara su a layin: ciyaman, tela, mai kyandir, tsohuwa mai shara, Malama da mayafinta, Auta, da mai walda a tsakanin 'yan sanda biyu. Sauran jama'a suka yi dafifi, wasu har da sanduna, don sun ɗauka ranar ganin ƙarshen mai walda ce.

"Ni ba ni da dogon bayani," in ji Mai Sawu. "Malama ta ce abin da ya kashe mahaifinta ba fetur ba ne, gas ne, kuma tafiyarsa irin ta ruwa ce. To mu tambayi ruwa."

Ya sa aka zuba bokiti guda a ƙofar mai walda, wani a lungun da aka tsinci jarkar. Ruwan ya juya wa garejin baya, ya nufi titi. Ciyaman ya yi gyaran murya.

"Mu hau sama," in ji dattijon.

A bayan shago na biyu ya tsaya. "Auta, ɗebo min bokiti guda."

"Ni, Yaya?"

"Kai."

Auta ya je famfo ya dawo, ruwan yana fantsama a ƙafarsa. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mai Sawu ya karɓa ya juye a kwatar. Jama'a suka bi shi da ido, wasu da ƙafa. Ya gangara ta kan ƙonannun ledoji, ya wuce shago huɗu, ya kai inda simintin ya fashe, ya karkata. A cikin shirun nan kowa ya ji saukarsa a ramin bakanike.

Ya ɗage bahon. Malama ta durƙusa ta taɓa ciyawar.

"Sanyi ne ya kashe ta, ba zafi ba," ta ce. "A cikin tukunya gas ruwa ne. In aka kifa ta aka buɗe, yana fitowa ya zuƙe ɗumin duk abin da ya taɓa, har ƙanƙara yake yi. Tukunya uku aka juye a nan."

"Sufeto, dubi sawun da ke kewaye da zoben nan," in ji Mai Sawu, idonsa a ƙasa. "Ka dubi wanda aka yi yanzu daga famfo. Sannan ka tuna wanda na nuna maka a lungu, a cikin takalmin mai walda. Ana aron takalmi, ba a aron tafiya."

Auta ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Bawul ɗin bakin tukwanen ne ya lalace, Yaya, sai an juye kafin a canza. Kowa a sana'ar nan haka yake yi. Da can fili nake kai su, ranar mai amalanke bai zo ba, masu tukwanen kuma suna jira. Da sassafe ne, ba kowa, na ce iska za ta kwashe. Wallahi na ɗauka sama yake yi. Tsohon nan shi yake gyara min janareta bai taɓa karɓar ko sisi ba, me zai sa in kashe shi?"

"Na yarda," in ji Mai Sawu. "Ni ma ban san yana kwanciya ba sai jiya. Gas ɗin kuskure ne, Allah ya gani. Takalmin fa, Auta? Shi ma iska ce ta sa maka?"

Auta ya rufe fuska. "Na ji ana ta cewa mai walda ya yi rantsuwa. Tsoro ya kama ni. Kowa ya tafi asibiti, ga takalmin a ƙofa, ga jarkar janaretana. Na ce ai za a bincika a sake shi."

"Ka ga ana dukansa?"

"Na gani."

"Da waɗannan hannayen nasa?"

Masu sanduna suka fara matsowa, domin sandar da ta fito neman mutum ba ta cika damuwa da waye ba. Malama ce ta tsaya a gabansu.

"Ranar Talata ma haka kuka tabbata," ta ce. "Ni ma haka na tabbata. Ku koma shagunanku."

Ta juya wajen mai walda, ta ce ya yafe mata. Ƙaton ya ɗaga naɗaɗɗen hannu ya rufe ido.

* * *

Aka kwance ankwar daga hannun mai walda a hankali saboda ƙunar, aka mayar da ita hannun Auta. Motar 'yan sanda tana bakin layi. Har an hau da shi baya, sai ya leƙo ya kira yayansa da muryar da Mai Sawu bai ƙara ji ba tun yaron yana ƙarami.

"Yaya, kai kaɗai ka ga wurin nan. Da ka share da ƙafa, wa zai sani?"

"Ni," in ji Mai Sawu.

Direba ya tayar da mota. Dattijon ya tsaya yana kallon ƙaninsa, ya ga ko hula babu a kansa, silifarsa ɗaya ma ta faɗi a hanya. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya kaɗe ƙasar.

"Sufeto, akwai wuri a bayan nan?"

"Baba, ai kai ba a kama ka ba."

"Na sani. Bai taɓa shiga irin wurin nan ba."

Sufeto ya yi wa ɗan sandan da ke bakin ƙofa alama ya matsa. Mai Sawu ya kama ƙarfe ya hau da ƙyar, ya ajiye silifar a gaban Auta, ya zauna kusa da shi har kafaɗunsu suka haɗu. Motar ta gangara ta gaban garejin, ta hau titi.